Haƙora Huɗun Ketura

Duk wanda ya san gaɓar Voco Point a garin Lae ya san ranar Alhamis ba ta wasa ba ce. Ranar ce jiragen ruwan masu buwai, ƙwayar da mutanen ƙasar ke taunawa kamar goro, ke isowa daga kudu, a jibge buhuna a kan yashi, mata 'yan sari su yi musu caa. A cikin matan nan akwai wadda sauran ba sa taɓa buhu sai sun ga abin da ta yi. Sunanta Ketura, mai tebur a tashar motar Kamkumung. Shekarunta arba'in da ɗaya, 'ya'yanta uku, haƙoranta ashirin da tara.

Haƙoran sun shiga lissafi ne don su ne kayan aikinta. Idan aka kwance mata buhu, takan cusa hannu ta ɗauko ƙwaya uku, ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya can ƙasa inda maciya amana ke ɓoye ruɓaɓɓu. Sai ta ɗora ƙwayar a kan haƙoranta huɗu na gaba na ƙasa, ta danna, ɓawon ya dare. Daga yadda ya dare ta san rabin labari, harshenta ya ƙarasa sauran: wannan tsoka ce mai tauri, wannan ruwa ne tsululu, wannan ta kwana biyu a rana. Wuƙa ba ta shiga wannan ciniki. Wanda ya miƙo maka buwai ka sa mata wuƙa, ka gaya masa ke nan kana zargin ya saka maka wani abu a ciki, kuma a gaɓar nan an sha fasa kai a kan abin da bai kai wannan ba. Mutum ya ba ka, ka kai baki, shi ne cinikin, shi ne kuma amanar.

A ƙauyensu na bakin teku, can wajen Salamaua, ta koyi abin, tana 'yar shekara tara, a gindin mahaifiyarta. Ta zo Lae da aure. Mijinta Yaling mai gadi ne a wani kantin kayan gini, albashinsa iyakarsa kuɗin haya da na makaranta. Tukunya kuwa tebur ɗin Ketura ke ɗora ta. Jarinta kina ɗari uku ne a kuɗin ƙasar, buhu yana cin ɗari biyu da tamanin, sauran na mota da ɗan dako. Ribar shinkafa ce da kifin gwangwani, ba ta taɓa yin girman da za a ajiye ta ba.

Wata Alhamis tana tsugune gaban buhun Embogo, wani dogon mai jirgi da ba ya kallon fuskar mai saye, bakinsa yake kallo. Ta fasa ta sama, ta fasa ta tsakiya. Da ta danna ta ƙasa sai ta ji ƙas, ƙarar da ba ta ɓawo ba ce. Wani abu mai kaifi ya faɗo mata a kan harshe. Zafi ya tsarga mata har cikin haɓa. Ba ta ko ƙifta ido ba. Ta tura abin ƙarƙashin harshe, ta tauna buwai ɗin da turame, ta tofar, ta ce buhun ya yi. Embogo ya daɗe yana kallon leɓenta kafin ya karɓi kuɗin.

Sai da ta isa Kamkumung, ta baza kaya, sannan ta tofo abin a tafin hannu. Girmansa kamar ƙwayar shinkafa biyu a haɗe, baƙi wajen ƙasa, ja wajen sama. Ta nuna wa maƙwabciyar teburinta, Bubu Awasa, tsohuwar da ba ta da haƙori ko ɗaya, wadda sai ta daka buwai a ɗan turminta na katako kafin ta kai baki.

Tsohuwar ta juya shi da farce, ta shaƙa, ta ce ba haƙori ba ne, siminti ne. Shi ne dauɗar nan da ke taruwa a bayan haƙora ta daskare kamar dutse. Ta sa Ketura ta buɗe baki, ta leƙa, ta girgiza kai.

"Ke, siminti kaɗai ke riƙe da huɗun nan. Ya haɗe su kamar katanga. Kada ki kuskura ki bar masu farar riga su kankare shi. Ranar da suka kankare nawa, ranar nawa suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, ko sallama ba su yi mini ba."

"To in bar shi, Bubu?"

"Ki bar shi. In sun zube, zan bar miki turmina gado."

Ketura ta yi dariyar da ba ta wuce maƙogwaro ba. Da ba mai kallo, ta sa ɗan yatsa ta taɓa haƙoran. Biyu na tsakiya suna motsi tare. Na dama da ɗan dama-dama. Na hagu, inda simintin ya ɓalle, yana girgiɗa shi kaɗai kamar turken da ruwa ya zaizaye gindinsa.

Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne yadda ɓarna ta kai haka ba ta sani ba. An ce jiki magayi. Amsar ta zo mata ranar Asabar da safe, kafin ta sa komai a baki. Ta gatsa biredin da ta sayo wa yara, ta duba, sai ga jini ya yi zane a jikin farin biredi, sawun haƙora huɗu. Ta tsaya riƙe da shi. Shekara talatin ke nan duk abin da ta tofar ja ne. Buwai ta haɗu da farin garin kambang mai kama da farar ƙasa da sandar yaji, miyau ya koma kamar jini, a tofar a wuce. Ƙasar tashar Kamkumung ja ce, gindin kowane turken lantarki ja ne. Wa zai tsinci jininsa a cikin wannan? Wataƙila dasashinta ya shekara biyar yana zuba, wataƙila goma, tana tofarwa tana ba da canji.

Ketura ba mace ce mai zama ta zuba wa matsala ido ba. Ta fara da abin da bai cin kuɗi. Ta kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi. Ta dirje da ɓawon buwai kamar yadda kowa ke yi, jini ya ƙaru. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, ta jingina ɗan madubi a jikin tankin ruwa, ta gasa bakin allurar ɗinkin buhu a wuta, ta ce tunda gefe ɗaya ya ɓalle, bari ta daidaita bakin da ke yankar mata harshe. Ta ci nasarar ɓantaro ɗan guntu guda. A na biyu allurar ta zame ta nutse cikin dasashi. Ta dafe tankin har jirin ya wuce.

Wayewar garin Litinin leɓenta na ƙasa ya yi suntum. In ta danna, mugunya ke fitowa. Wani direba, tsohon mai sayen kayanta, ya miƙo kina ɗaya daga nesa, ya kau da kai, ya tambaya ko mushen ɓera ne ya maƙale a ƙarƙashin teburin. Yaling ya ce kawai ta je a cire su a huta, uwarsa ta rayu shekara ashirin tana cin rogo da dasashi. Ketura ta ce uwarsa ba ta taɓa sarin buwai ba. Ta bar wa Bubu Awasa jiran tebur, ta ƙulle kuɗin buhun Alhamis a bakin zane, ta hau mota zuwa asibitin mishan.

Asibitin mishan ɗin yana da ɗakin haƙori ɗaya, kujera ɗaya, ma'aikaciya ɗaya. A kan benci Ketura ta ƙirga mutum goma sha ɗaya a gabanta, ta kuma lura duk wanda ya fito da auduga a baki yake fitowa. Ba wanda ya zo gyara. Cirewa kina ashirin ce kowane haƙori, wankewa ɗari da ashirin. Ta yi lissafin tun kafin layi ya motsa: a cire huɗun, tamanin, an gama, ba dawowa. A wanke, ɗari da ashirin, kuma in maganar Bubu gaskiya ce ta biya kuɗi ne a zubar mata da su a hankali. Ko wanne ta zaɓa, buhun Alhamis ya zama rabi.

Ma'aikaciyar, Sista Marpa, gajeruwa ce mai saurin hannu. Ta duba, ta zura wani siririn ƙarfe tsakanin haƙori da dasashi, Ketura ta ga yadda ya nutse har ta runtse ido. Sista ta tambayi wanda ya yi mata wannan huda. Ketura ta ce ƙayar kifi ce. Sista ta ce lallai kifin Kamkumung ya iya saiti.

Ketura ta faɗa mata abin da tsohuwar ta ce. Ta zaci za a yi mata tsawa, sai ta ji Sista ta ce tsohuwar ba ta yi ƙarya ba.

"Yana riƙe da su, susa, 'yar'uwata. Amma irin riƙon da ginin gara ke yi wa ginshiƙi ne, tana tallafe da shi tana cinye shi. In na cire, za su ƙara girgiɗa, za ki ga ramuka, za ki zage ni a zuciyarki. In na bari, baɗi ba sai kin biya kowa ba, da kansu za su faɗo."

"In kin wanke za su tsaya?"

"Uku ina sa rai. Na hagun nan ban yi miki alkawari ba."

Sai ta kawo sharaɗin. Ba za a ɗora wa haƙoran nan komai mai tauri ba har dasashi ya kama, wata biyu ko uku. Ƙwaya ɗaya ta buwai tana iya tafiya da biyu a take. Taunar ma gara a bar ta ɗungurungum, don kambang ke ƙona naman bakin. Ketura ta ce wannan kamar a ce wa masunci kada ya jiƙa ƙafa ne. Sista ta ce ita dai ta faɗi nata, akwai mutane a waje, cirewa ko wankewa?

Ketura ta kalli silin. Ta tuna ɗan turmin Bubu, da ƙarar dakansa ƙwas-ƙwas tun safe har yamma, da yadda masu jirgi ke tura wa tsohuwar ragowar buhunan da kowa ya ƙi. Ta kwance bakin zane.

Injin wankin ya lalace tun bara, don haka da hannu aka yi, da ɗan ƙarfe mai lanƙwasa kamar ƙugiya. An yi mata allura, amma allura ba ta kashe ƙara. Tana jin kankarar har cikin ƙoƙon kai. Gutsattsarin suna faɗawa cikin tasa, ƙwal, ƙwal, ta ƙirga har sha huɗu sannan ta daina. Da aka gama aka ba ta madubi. Haƙoran sun yi tsawo kamar na doki, sun rabu da juna, ramuka uku baƙaƙe a tsakaninsu. Da ta ja numfashi iska ta bi ta ciki, sanyi ya soke ta. Ta taɓa su da harshe, duk huɗun suka amsa.

Aka ba ta ƙwayoyin magani, aka ce ta sayi buroshi mai laushi, ta riƙa kurkurawa da ruwan gishiri, ta dawo mako mai zuwa a ƙarasa na ciki, kuɗin da ta biya ya haɗa har da shi. Bubu Awasa ta leƙa bakin da yamma, ta tura ɗan turminta zuwa gefen teburin Ketura. Wannan ya fi zagi ciwo.

Talata da Laraba Ketura ta sayar da buwai ba ta kai ko ɗaya baki ba. Kanta ya yi ta sarawa, hannunta na zuwa kan tebur da kansa tana janye shi. Duk tunaninta yana kan Alhamis. Hanyoyi uku ta gani, duk ba mai kyau. Ta gatsa, ta yi asarar haƙora da ɗari da ashirin a lokaci guda. Ta fito da wuƙa, ta zagi Embogo a gaban jama'a, shi da yaran jirginsa shida. Ko ta saya a makance, ba gwaji, kuma daga ranar duk mai jirgi ya san buhun da zai ajiye mata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ranar Alhamis jirage huɗu suka iso. Embogo ya hango ta, ya janyo wani buhu daga bayan sauran, ya kwance shi tun kafin ta ƙaraso. Wannan ma sabon abu ne, a da ita ke nuna wanda za a kwance. Mata kusan goma suka taru a bayanta, kowacce da kuɗinta a dunƙule, suna jiran hukuncinta.

Ta ce rabin buhu take so yau. Ya ɗaga gira, ya ce ashe manya ma suna ramewa. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga sama, koriya shar, ya cilla mata.

"Ɗanɗana, susa. Jiya aka sauke ta daga bishiya."

Ta cafe. Ta juya ta a hannu. Ba ta san lokacin da hannun ya kai ta baki ba, aikin shekara talatin ne. Ɓawon ya taɓa haƙoran, ta ɗan danna kaɗan, kaɗan ƙwarai, sai ta ji na hagu ya kwanta baya kamar ƙofar da ba sakata. Gumi ya keto mata. Wuƙar tana cikin jakar saƙa a kafaɗarta, tana jin nauyinta. Embogo ya daina murmushi, idonsa a kan leɓenta, yaransa biyu sun bar ɗaurin jirgi sun matso.

Ta sauke ƙwayar. Wata daga baya ta ce, "Lafiya, Ketura?"

Maimakon amsa, ta sa yatsu biyu ta janye leɓenta na ƙasa, ta juya ta nuna wa matan, ta juyo ta nuna wa Embogo. Ramukan, da jan dasashin, da tsayin haƙoran, duk a fili. Wata ta ja tsaki na tausayi. Asirin da ta kwana uku tana tattali ya tafi ke nan, kuma ita ta ba da shi da hannunta.

"Ka gani, tambu, ɗan'uwana. Ba raini ba ne, ba kuma tsoronka nake ji ba. An ɗaure mini baki wata uku. Amma idona da hancina ba a ɗaure su ba. Ni zan zaɓa, kai ka fasa. Kayanka ne, ai ba ka jin tsoronsu."

Bai ga ta inda zai ƙi ba. Mai kayan da ya ƙi kai kayansa baki a gaban mata goma, gara ya juya jirginsa tun da sauran mai. Ya ce shi ba ɗan aikinta ba ne, matan suka ce ai ba aiki ba ne, karin kumallo ne. Ketura ta cusa hannu har kafaɗa, ta wuce sama, ta wuce tsakiya, ta lalubo daga can ƙasa ta miƙa masa.

Ya ɗora a haƙori ya danna. Ruwa ya tsarto, ya bi masa haɓa ya sauka a riga. Ta miƙa masa ta biyu, ita ma daga ƙasa. Wannan ko darewa ba ta yi ba, lotsewa ta yi, warinta ya kai har layin baya. Ya tofar, ya ce yaran ne suka haɗa buhun nan, zai ci mutuncinsu. Ketura ta nuna wani buhun da ƙafa.

Na biyun ya fi. Ya fasa uku, ta karɓi kowacce ta duba launin tsokar, ta danna da babban yatsa, ta shaƙa. Ta biya ɗari da arba'in, aka raba buhun. Amma tana ɗaure kayanta ta ga matan sun koma bayan wata yarinya 'yar unguwar Bumbu mai haƙora kamar na kada, ita suke jira ta gatsa. Ba wadda ta juya mata baya da mugun nufi. Kasuwa ce kawai.

Ido da hanci ba su kai harshe ba. Da ta baza kayan a Kamkumung, cikin kowace goma sai ta sami biyu masu ruwa, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Makon nan an ci shinkafa ba kifi. Sai da ta yi Alhamis biyar kafin ta koma cikakken buhu, kuma har yau masu jirgi suna gwada ta, har yau ita ke zaɓa su ke fasawa. Wasu sun mayar da abin wasa, da sun hango ta sai su fara wasa haƙora.

Na hagun bai tsaya ba. Wata safiya tana goge baki ya biyo buroshi, ba zafi, ba jini sosai. Ta riƙe shi a tafin hannu, dogo, tsaf, ba ko ɗigon siminti a jikinsa, ta jefa shi bayan tanki. Bubu Awasa ta ce ai ta faɗa. Ketura ta kama hannun tsohuwar, ta ɗora yatsanta a kan ukun da suka rage, ta ce ta girgiza. Tsohuwar ta tura, ta ja, ta sake turawa da ƙarfi. Sannan ta janye turminta zuwa nata gefen teburin, ta ce yaran zamani ba su san darajar gado ba.

Yanzu haƙoran Ketura ashirin da takwas ne, da giɓi ɗaya da take fito ta cikinsa in tana kiran ɗan dako. Buwai tana wucewa ta hannunta ɗari-ɗari, ba ta kai ta baki, ko da yake in an fasa sabuwa kusa da ita har yanzu miyaunta na tsinkewa. In ya taru, takan juya gefen turken lantarkin da ke bayan teburinta ta tofar. Ƙasar wurin ja ce tun kafin a haife ta. Nata kaɗai ne fari a ciki, kuma ba ta taɓa ɗauke ido sai ta duba shi da kyau.